Hantar Yarinyar Hajja

Kazaure, 9 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga taubashina Dunoma Zarami, mahaucin gwamnati,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da aikin nan naka da babu wanda ya gane kansa. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ke sa 'yan ajina gyangyaɗi tun kafin hantsi. Maigidana Sama'ilu ya yi kudu da shanu, bai dawo ba tukuna. Jaririna Abu ya fara rarrafe, ya kuma fara cin ƙasa, na ce halin kawunsa na Zariya ya ɗauko.

Bayan haka, ranar kasuwar Gwiwa na je gaida mahaifiyata Hajja Kaka. Na tarar da ita tana cika baki a gaban maƙwabta, wai ɗan ƙanenta da ta goya da bayanta yau likita ne a Zariya. Sai wata tsohuwa ta ce to in ya zo a roƙar mata maganin ciwon baya. Hajja ta juyo ta ce, "Mairam, wane ciwo ne ma yake magani?" Halliru direba, wanda ya kai maka gero, ya ce shi bai gan ka da abin sauraren ƙirji a wuya ba. A wani ɗaki mai warin magani ya same ka, kana yanka nama ɗan mitsitsi kana rina shi ja da shuɗi. To don Allah ka fitar da mu kunya. Likita ne kai, ko mahauci, ko marini? In marini ne ka faɗa mini, ina da zanen da ya koɗe.

Ban da wasa, Dunoma, duk danginmu babu wanda ya kai inda ka kai, kuma ni da bakina nake faɗa wa yara haka a aji. Ka rubuto mana bayanin aikin da Hausar da Hajja za ta gane, ni zan karanta mata.

Kowa yana gaishe ka. Yarinyar Hajja ba ta ɗan jin daɗi kwanakin nan, idonta ya sauya, ana ba ta saiwar rawaya.

Taubashiyarka,
Mairam

Zariya, 25 ga Afrilu, 1977

Malama Mairam,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ina dariya har abokan aiki suka leƙo. Lafiyata ƙalau. Ki shafa mini kan Abu, ki gaya masa cin ƙasa wajen uwarsa ya gado, ni shaida ne.

Amsar tambayarki, duka ukun ne. Likita ne ni, amma marasa lafiya ba su cika ganina ba. In likitan da ke duba mutum ya rasa gane ciwonsa, sai ya ciro ɗan nama daga inda ciwon yake ya aiko mana. Mu daskarar da shi cikin kaki, mu yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, mu shimfiɗa a kan ɗan gilashi, mu rina, sannan mu sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma. Abin da muka gani shi muke gaya wa likitan.

Ni dai hanta ce ta ɗauke mini hankali. Kin san ruwan ɗacin nan na cikin matsarmama, wanda in ya fashe yake ɓata nama? Hanta ce ke yin sa, kuma magudanai yake bi ya fita zuwa hanji. Magudanan suna farawa sirara, ido ba ya ganinsu, su yi ta haɗuwa har su zama babba guda ɗaya. Bangonsu kuwa jere yake da 'yan ƙwayoyin halitta masu rai. Da na zo nan na ɗauka duk iri ɗaya ne, tunda bango bango ne. Sai malamina, wani dattijo Bamisire da ba ya ɗaga murya, ya zaunar da ni ya ce in sake dubawa. Mairam, ashe ba ɗaya ba ne! Na ƙananan magudanai gajeru ne dunƙulallu kamar ƙwayar gero. Na manyan kuwa dogaye ne, kamar an jera shinkafa a tsaye. Dogayen ba zaman banza suke ba, ana ganin su ke ƙara wa ɗacin ruwa da wani abu mai kama da kanwa don ya gudana. Gajerun sai ki rantse ba su da aikin yi, sai ranar da babbar magudana ta toshe. Ran nan za ki ga sun taso sun yi ta yaɗuwa, suna buɗe sababbin 'yan hanyoyi ta ko'ina, suna nema wa ruwan mafita. Wa ya gaya musu an toshe can ƙasa? Ban sani ba, malamina ma ya ce bai sani ba. Ran da na fara ganin haka sai da na ture kujera na yi tasbihi.

A kan wannan nake rubuta binciken da zan gabatar baɗi. Matsalata ɗaya ce. Na manya ina da su tuli, amma naman hantar yara masu shawara ba na samun isasshe, iyaye ba sa yarda. Duk ran da na samu guda, yini nake ina murna.

Ki durƙusa ki gaishe mini da Hajja. Ki gaida 'yarki Fatu. E, na faɗi sunan, ni ba ruwana da kunyar 'yar fari. Shekara shida kina ce mata yarinyar Hajja kamar a hanya aka tsinto ta. Shawarar yara yawanci takan wuce da kanta, a bar ta ta huta, ta sha ruwa da rake.

Naki marini,
Dunoma

Kazaure, 22 ga Mayu, 1977

Dunoma,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan yadda Allah ya ajiye mu. An yi ruwan shuka, mutane sun fita gona.

Na daɗe ban amsa ba don haushinka nake ji. Shafi uku a kan gero da shinkafa, layi biyu a kan yarinyar. Ka san ni, ka san gidanmu, a cikinsa ka girma. Ka taɓa ganin na ambaci yarinyar nan a takarda? Tun da aka yaye ta aka kai wa Hajja, ko kallonta ba na yi a gaban mutane. In har na iya ɗaukar alƙalami na rubuta maka idonta ya sauya, ai ka san abin ya kai inda ya kai. Baƙo ne zai karanta ya wuce, ba kai ba.

To ga shi a fili, tunda sai an yi maka dalla-dalla. Wannan ne karo na uku tun bara. Da takan kwanta ta tashi, wannan karon ya ƙi tafiya. Idon ya yi rawaya sosai. Tana susar jiki har ta fitar da jini. Fitsarinta kamar shayi ba madara, bayan gidanta kuwa fari fat, sai ka ce farar ƙasa. Tana riƙe ciki ta hannun dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Ta rame har awarwaron da Hajja ta saya mata yana zamewa. Duk wannan da gefen ido na gani, ina yi kamar tsintsiya nake nema a ɗakin. Da na fito zaure babu kowa, sai na yi kukana na share fuska na hau mota.

Amma kada in ci haƙƙinka, bayaninka ya yi kyau ƙwarai. Na zana wa 'yan aji shida magudanan a allo, suka yi ta taɓa cikinsu suna mamaki. Na kuma karanta wa Hajja da matan gida. Ta sa na maimaita wurin gajerun nan da ke tasowa, ta girgiza kai ta ce Allah mai iko, ashe yaron nan abin kirki yake kallo. Da na zo wurin naman yara sai ta ce, "Murna yake yi?" Na ce mata ai kin san bakinsa, wasa yake.

Yanzu ka gaya mini abin da za a yi. Rawaya an sha har an gaji.

Mairam

Zariya, 30 ga Mayu, 1977

Mairam,

Salamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku da sauƙi. Ki yafe ni. Gaskiyarki, ni ya kamata in fi kowa gane layin nan, zumuɗin aiki ya rufe mini ido.

Farin bayan gidan nan ya tsorata ni. Ɗacin hanta ne ke ba shi launi, in ya yi fari to ɗacin ba ya isa hanji. Abu biyu ne ke kawo haka. Ko naman hantar ne ya kamu, wannan sai jinya da haƙuri. Ko kuma babbar magudana ce ta toshe, wannan tiyata ce maganinsa, kuma in aka bari hantar ta taurare ba ta gyaruwa. Daga waje duka biyun rawaya ne, ba a bambance su da ido.

Yadda ake bambancewa, ana sa wata siririyar allura ta tsakanin haƙarƙari a ciro nama kamar guntun zare. In na ga gajerun nan sun yaɗu, to toshewa ce, sai a yi mata aiki. Kafin nan za a yi mata wata allurar da ke hana zubar jini.

Ku kawo ta cikin makon nan, kada a jira kowa. Ina so in ga hantar nan da idona.

Dunoma

Kazaure, 19 ga Yuni, 1977

Dunoma,

Gaisuwa mai yawa. Abu lafiya, ni ma da sauƙi. Takardarka ta yi kwanaki a gidan waya kafin a miƙo mini, sannan ruwa ya ɓata hanyar Gwiwa, sai a bayan keken wani malaminmu na ƙarasa.

Na karanta wa Hajja. Da ma na tsallake wasu wuraren, amma ban saba yi mata ƙarya ba. Ina kaiwa wurin allura ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Allura? Ga mai shawara? A cikin hantar ma?"

Na ce Hajja, ki bari in ƙarasa. Ta ce babu abin ƙarasawa. Ga maganarta yadda ta faɗa, ba ƙari ba ragi: "Ubansa Zarami da ƙafarsa ya tafi kasuwar Roni idonsa rawaya, mai allura ya soka masa guda ɗaya, bai ga wata Juma'ar ba. Ni na rufe masa ido, ni na ɗauko yaron nan yana shekara huɗu. Daga nan har Babura wa bai san mai shawara ba a kai masa ƙarfe jiki ba? Kuma ba shi ne ya ce yini yake yana murna in ya sami naman yaro ba? Iyayen wasu sun hana shi, shi ne ya juyo gida?"

Ta kuma ce cibiyar yarinyar a bayan ɗakinta take binne, haƙorinta na fari da ya faɗi ita ta adana. Naman jikin mutum ba a barinsa a hannun kowa, balle a rina shi a ajiye a kwaba ana nuna wa baƙi.

Na aika wa Sama'ilu, ya aiko cewa yarinya ta Hajja ce, abin da ta yanke shi ke nan. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. A gaban matan gida na ce, "Hajja, ni na haife ta." Hajja ta dube ni ta ce, "Yau kuma?" Kada ka ga laifinta, Dunoma. Matar nan ba ta barci, a zaune take kwana tana yi wa yarinyar fifita tana riƙe mata hannu kada ta yage fatarta. Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe.

Yanzu ni ma ina da tambaya, kuma kada ka yi fushi. Tsakaninka da Allah, don ita kake so a kawo ta, ko don bincikenka? Ba zarginka nake ba. So nake in ji daga bakinka, don in san da wace ƙafa zan tsaya a gaban Hajja.

Mairam

Zariya, 27 ga Yuni, 1977

Mairam,

Salamu alaikum. Tambayarki ta yi mini zafi, amma bakina ne ya jawo. Don ita ne. Naman Fatu ba zai shiga bincikena ba, na riga na gaya wa malamina. Na nemi izinin zuwa da kaina, an hana ni saboda ni kaɗai ne a ɗakin aikin watan nan. Abin da ke ƙasa na Hajja ne, ki karanta mata a durƙushe, kamar ni ne a gabanta.

Hajja, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Ɗanki Dunoma ne ke gaishe ki.

Na yi magana irin ta yara, ki yafe mini. Murnar da na ce ina yi, murnar samun hanyar gane ciwo ce, amma ban kyauta ba da na faɗe ta haka.

Hajja, ban san fuskar mahaifina ba sai a bakinki. Tun ina makarantar kwana, duk wanda ya tambaye ni me zan karanta, hanta nake cewa, ba su san dalili ba, ke kin sani. Ba zan ce miki masu tsoron allura ba su da hankali ba. Sun ga mutane sun mutu bayan allura, gaskiya suka gani. Abin da ba su gani ba shi ne shawara ba guda ɗaya ba ce. Akwai wadda take kashewa ko an yi allura ko ba a yi ba. Akwai wadda rashin taɓawa ne ke kashewa. Ina tsoron ta Fatu ta biyun ce.

Ba na roƙon ki yarda da maganata. Ki zo da ita Zariya, in zaunar da ke a kujerata ki duba madubin da idonki. In kin duba ba ki gamsu ba, wallahi babu mai taɓa ta, ni da kaina zan sa ku a mota. In kin yarda aka ciri naman, duk abin da ya fita daga jikinta, komai ƙanƙantarsa, a hannunki zan danƙa shi ki kai Gwiwa ki binne kusa da cibiyarta. Na yi miki wannan alkawari da sunan Zarami.

Ɗanki,
Dunoma

Zariya, 12 ga Yuli, 1977

Mairam,

Gaisuwa da fatan ke da Abu kuna lafiya. Na san hankalinki yana nan, na kuma san kin so zuwa Hajja ta ce uwar fari ba ta rakiya. To ga labari.

Halliru ya sauke su ranar Laraba. Hajja ta fito daga gaban mota da Fatu a goye, yarinya mai shekara shida, ƙafafunta suna reto. Ban san ta lalace haka ba. Hajja ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Ina madubin?"

Na kai ta ɗakin aiki. Ta tsaya a ƙofa ta yi bisimilla saboda warin. Da farko ba ta ga komai ba, sai gashin idonta, ta ce ashe ƙarya ce. Na juya mata makunnin a hankali. Sai na ga bayanta ya miƙe. Hantar mai lafiya na fara sa mata. Ta daɗe, sannan ta ce, "Ga wani zobe nan kamar an jera duwatsun wuya." Na ce ƙaramar magudana ke nan, gajerun ne suka kewaye ta. Na matsar da gilashin zuwa babba. Ta ce, "Waɗannan kuma a tsaye suke kamar masu salla." Malamina yana bayanmu, na fassara masa, ya ce shekara talatin yana koyarwa bai taɓa samun ɗalibin da ya gani da wuri haka ba. Na gaya mata, ta ce in ce masa ya daina zolayar tsofaffi.

Sai na sa mata guda biyu na masu shawara. A na farko naman hantar ya ruɓe, magudanai suna nan yadda suke. A na biyu naman da sauransa, amma 'yan zobban sun cika ko'ina. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta koma. Ta ce, "Duka biyun idonsu rawaya ne?" Na ce e. Ta ce, "Ta Zarami wacce ce?"

Na ce ban sani ba, Hajja, ba a duba ba. Amma yadda kika sha ba ni labari, zazzaɓi, sai ruɗewa, sai barcin da ba ya tashi, duk cikin mako guda, ya fi kama da ta farkon. Irin wannan ko ba a yi allura ba takan tafi da mutum. Ta ja carbinta. Can ta ce, "Ni zan riƙe ta."

Ita ta riƙe ta kuwa. Nas ta ce a fita, Hajja ta dube ta kallo ɗaya, nas ta matsa mata kujera. Aka yi allurar hana zubar jini, washegari aka ciri naman. Yarinyar ta yi kuka, ta yi barci, ta farka ta nemi fura. Hajja ta yini tana taɓa goshinta tana jiran abin da ya sami Zarami, bai zo ba.

Jiya gilashin ya fito. Na ba malamina ya fara dubawa, sannan ni, sannan Hajja. Ita ta faɗa da bakinta: "Ƙananan sun yi yawa." Babbar magudana ce ta toshe, kuma hantar ba ta kai ga taurarewa ba tukuna. Gajerun nan su suka gaya mana. Ranar Alhamis za a yi aikin. Ba ƙaramin aiki ba ne, ba zan ɓoye miki ba. Ki yi addu'a, ki sa 'yan ajinki ma su yi.

Dunoma

Zariya, 21 ga Yuli, 1977

Mairam,

Alhamdu lillahi. Ki zauna kafin ki karanta, amma alheri ne.

An yi aikin. Babbar magudanar ce ta kumbura ta zama jaka, bakinta ya tsuke. Suka yanke jakar suka haɗa hanyar da hanji. Na duba bangon jakar, dogayen duk sun zube, ɗaiɗai suka rage. Kwanakin farko ta galabaita, ni ma na rame. Hajja kuwa ko gezau, ta mallake ɗakin yaran, har iyayen wasu suna kawo mata ƙara.

Shekaranjiya da hantsi ina aiki sai na ji guɗa daga ɓangaren yara. Kafin in tashi sai ga Hajja a ƙofata, mayafi ya zame, riƙe da fon bayan gidan Fatu a hannu biyu kamar ta ɗauko kwanon biki. "Dunoma, duba! Ya yi launi!" Haka ta bi gado gado tana nuna wa mutane, har malamina sai da ya leƙa ya yi mata barka. Ɗacin ya sami hanya, Mairam. Susar ta ragu, idon ya fara washewa.

In an sallame su zan cika alkawari. Jakar da aka yanke tana cikin kwalba, ga guntun kakin, ga gilashin. Gilashin nan shi ne mafi kyau da na taɓa rinawa, malamina ya daɗe yana juya shi a hannu. Duka zan naɗe in ba Hajja.

Naki,
Dunoma

Kazaure, 8 ga Agusta, 1977

Zuwa ga taubashina Likita Dunoma Zarami,

Assalamu alaikum. Ka ga yau na rubuta likita, kada ka saba. Muna lafiya, gero ya fara fitar da kai, azumi ya ƙarato. Sama'ilu ya dawo, ya ce in gaya maka ba shi da bakin godiya, rago yana nan yana jiranka.

Na je Gwiwa ranar Asabar. Ina shiga zaure wata yarinya ta bangaje ni a guje tana bin ɗan akuya. Ban gane yarinyar Hajja ce ba sai da ta wuce. Na bi ta da kallo, sannan na yi sallama.

Hajja yanzu ba ta da zance sai gajeru da dogaye. Tsohuwar nan mai ciwon baya ta ce mai shawara dai ba a yi masa allura, Hajja ta ce mata, "Wace shawarar? Kin duba?" Jikan mai unguwa idonsa ya yi rawaya, ita ta tsaya a kansu sai da suka tafi asibiti.

Da la'asar ta kira ni bayan ɗakinta. Ta sa aka haƙa rami kusa da inda cibiyar take, ta zuba abin da ke cikin kwalbar, ta sa guntun kakin, ta yi addu'a. Saura gilashin. Ta ɗaga shi sama tana kallon ɗan jan ɗigon nan ta hasken rana. Na jira ta sa, ba ta sa ba. Ta mayar da ƙasa ta rufe ramin, gilashin yana hannunta.

Ta ce, "Wannan a mayar wa yaron. Ya cika alkawarinsa, na gani. Ki ce masa ya sa a bincikensa. Kuma duk ran da wata tsohuwa mai taurin kai ta zo masa da jika, ya zaunar da ita a kujerar nan ya nuna mata."

Na ce Hajja, naman jiki fa? Ta ce, "A hannun baƙo ne ba a bari."

Ga shi nan Halliru zai kawo maka, a naɗe cikin gefen mayafinta da ta yaga. Na ga lamba kawai kuka manna a jikinsa. Hajja ta ce ita ba ta yarda jikarta ta zauna a Zariya ba suna ba, a rubuta. Duk gidan ni kaɗai ce mai boko. Matan gida suna tsaye suna kallo, ana ƙunshe dariya, aka miƙo mini alƙalami. In ka ga rubutun ya karkace kada ka yi mini tsiya.

Ka riƙe mini ita da kyau.

Taubashiyarka,
Mairam, uwar Fatu